Yadda Ake Girka Mod a Wasan Skyrim Special Edition da Yadda Ake Kula da Su

Kamfanin Bethesda ya fitar da wasan bidiyo na Skyrim a ranar 11 ga Nuwamba, 2011, kuma babban dalilin da ya sa har yau mutane ba su ajiye shi ba shi ne damar da aka ba masu wasan su gyara shi da kansu. Mod shi ne duk wani ƙari ko canji da wani mai sha'awa ya ƙirƙira ya raba wa jama'a: sabon takobi, sabon gari, abokin tafiya mai magana, gyaran yanayin sama, ko toshe kurakuran da kamfanin ya bari. A shafin Nexus Mods kaɗai akwai dubun-dubatarsu, kuma kyauta ne.

Sauke mod ba shi da wahala. Wahalar ita ce a tara su da yawa wasan kuma ya ci gaba da tafiya lafiya bayan sa'o'i masu yawa ana bugawa. A fahimtata, yawancin matsalolin da ke sa mutum ya goge komai ya sake farawa suna fitowa ne daga wurare uku: rashin sanin sigar wasan da ke cikin kwamfuta, rashin gane wane fayil ne ke danne wani, da cire mod a tsakiyar wasan da aka riga aka yi nisa. Wannan bayani ya shafi mai wasa a kwamfuta mai Windows wanda ya sayi wasan a Steam ko GOG, wato shagunan sayar da wasanni ta intanet. Kwafin da aka samo ta bayan fage ba ya tafiya daidai da kayan aikin da za a ambata, kuma masu rubuta mod ba sa amsa tambaya a kansa.

Matakin farko: ka san sigar wasanka

Akwai tsohon Skyrim na 2011, wanda a shafukan mod ake kira LE ko Oldrim, sannan akwai Special Edition da ya fito a Oktoban 2016, wanda aka sake gina shi a kan tsarin 64-bit. Shafukansu a Nexus daban-daban ne, kuma mod ɗin tsohon ba ya shiga sabon kai tsaye, domin yawancin ƙirar siffofi da fayilolin motsi na tsohon sai an juya su kafin sabon ya karanta su. Ka tabbatar kana cikin sashen Special Edition kafin ka danna komai.

Ruɗanin da ya fi wannan girma ya zo ne a Nuwamban 2021, lokacin da wasan ya cika shekara goma aka fitar da Anniversary Edition. A wannan lokaci abubuwa biyu suka faru tare. Na farko, an sabunta wasan ga kowa da kowa kyauta, lambar siga ta tashi daga 1.5.97 zuwa jerin 1.6, aka kuma ba kowa ƙari guda huɗu: Fishing, Survival Mode, Saints and Seducers da Rare Curios. Na biyu, an sa wani kunshi na kuɗi wanda ke ɗauke da sauran kayan Creation Club, wato ƙarin kayan wasa da Bethesda ke sayarwa. Idan ka ga marubucin mod ya rubuta "SE" da "AE" a jikin fayilolinsa, musamman mod mai ɗauke da fayil ɗin DLL, wato ƙaramar manhajar da ke aiki a cikin wasan, abin da yake nufi kusan kullum shi ne lambar siga: SE ita ce 1.5.97, AE kuma 1.6 zuwa sama. Bai shafi ko ka biya kuɗin kunshin ko ba ka biya ba. Wanda ya sayi wasan yau a Steam ba tare da kunshin ba, fayil ɗin AE zai ɗauka.

Don ka ga lambarka, ka shiga foldar wasan, ka danna SkyrimSE.exe da maɓallin dama na linzami, ka zaɓi Properties, sannan Details, za ka ga lambar a layin File version. Ka rubuta ta a takarda ko a wani fayil, domin za ka riƙa komawa gare ta a kowane mataki. Ko a cikin jerin 1.6 ma akwai bambanci: abin da aka yi wa 1.6.640 ba lallai ya yi aiki a 1.6.1170 ba.

Shirya wurin zama

Kada wasan ya kasance a cikin Program Files. Windows yana tsaurara izinin rubutu a wannan folda, kuma kayan aikin mod sukan gaza yin aikinsu a can ba tare da sun faɗa maka dalili ba. Ka buɗe sabon ɗakin ajiya na Steam a wani wuri, misali a wani faifan daban ko a wata folda mai gajeren suna, ka mayar da wasan can. Idan kwamfutarka tana da faifan SSD, a nan ya kamata wasan da mod ɗinsa su zauna. Wasan kansa kimanin gigabait 12 ne, amma mod masu gyara hoto suna iya ninka wannan sau da yawa, don haka ka bar fili mai yawa.

Idan ka taɓa zuba wasu fayiloli da hannu a cikin foldar Data da ke cikin foldar wasan a baya, ka cire wasan, ka goge abin da ya rage a foldarsa, ka sake girka shi. Bayan haka ka kunna shi sau ɗaya ta Steam, ka bari ya gano katin hotonka, ka shiga har zuwa shafin farko na wasan, sannan ka fita. Wannan kunnawa ita ce ke samar da fayilolin saiti, wato Skyrim.ini da SkyrimPrefs.ini, a cikin Documents, My Games, Skyrim Special Edition. Wanda ya sayi kunshin Anniversary kuma a wannan shafin farko ne wasan zai sauke masa kayansa, sai ya jira su kammala. Ka girka Microsoft Visual C++ Redistributable na 64-bit da kuma 7-Zip, domin dukansu za a buƙace su.

Abu na ƙarshe a nan shi ne hana Steam sabunta wasan ba da saninka ba. A cikin Properties na wasan, a sashen Updates, ka zaɓi cewa kada a sabunta shi sai lokacin da ka kunna shi ta Steam. Daga yanzu ba za ka ƙara danna Play a Steam ba, ta wata hanya za ka riƙa shiga. Masu son ƙarin tsaro sukan nemi fayil ɗin appmanifest_489830.acf a cikin foldar steamapps su mayar da shi Read-only.

Manajan mod

Manhajoji biyu ne aka fi amfani da su. Vortex na Nexus Mods ne, yana jera fayiloli da kansa bisa ƙa'idojin da ka gindaya masa, kuma yana buƙatar foldar ajiyarsa ta kasance a faifai ɗaya da wasan. Mod Organizer 2, wanda ake taƙaitawa MO2, ba ya taɓa foldar wasan ko kaɗan: kowane mod yana zaune a foldarsa, sai lokacin kunna wasa manhajar ta haɗa su ta nuna wa wasan kamar duk suna cikin Data. Dukansu suna aiki, amma ni MO2 nake ba da shawara, domin yana nuna maka a fili wane mod ne ke saman wane, kuma idan ka cire alamar mod, ya fita gaba ɗaya ba tare da barin saura ba. Sauran bayanin nan a kansa aka gina shi.

Ka girka MO2 a foldarsa ta daban, wajen Program Files kuma wajen foldar wasan. Zai tambaye ka irin zaman da kake so. Ka zaɓi Portable idan kana son komai ya kasance a wuri ɗaya mai sauƙin kwafewa. Ka nuna masa wasan, ka haɗa shi da asusunka na Nexus, ka amince ya karɓi saukewa daga shafin. Sannan ka buɗe sashen Profiles ka ƙirƙiri furofayil naka, ka sa alama a zaɓin da ke ba kowane furofayil nasa fayilolin saiti na INI da nasa ajiyar wasa. Amfanin wannan zai bayyana idan ka zo gwaji. Idan manhajar kariya daga ƙwayar cuta ta hana MO2 kunna wasan, ka sanya foldarsa cikin waɗanda aka keɓe.

Harsashi: SKSE da abokan tafiyarsa

SKSE64, wato Skyrim Script Extender, shi ne ke faɗaɗa abin da mod zai iya umartar wasan ya yi, kuma mafi yawan mod masu muhimmanci a kansa suka dogara. Kowane fitowarsa an ɗaure ta da siga ɗaya tak ta wasan: 2.0.20 na 1.5.97 ne, 2.2.6 kuma na 1.6.1170 na Steam, GOG yana da nasa daban. Sigar wasan da ake samu ta Game Pass, tsarin biyan kuɗin wata-wata na Microsoft, ba ta aiki da SKSE. Ka sauke wanda ya dace da lambar da ka rubuta, ka buɗe shi da 7-Zip, ka kwafe skse64_loader.exe da fayilolin DLL ɗin da ke tare da shi zuwa foldar da SkyrimSE.exe yake. Foldar Scripts da ke cikin Data ɗinsa kuwa, gara ka girka ta a matsayin mod ta cikin MO2, don foldar wasan ta kasance da tsabta.

Ka sake buɗe MO2, za ka ga SKSE a jerin da ke sama ta dama. Ka zaɓe shi ka danna Run, Steam kuma yana buɗe a baya. Idan ka isa shafin farko, ka danna maɓallin da ke ƙarƙashin Esc don buɗe akwatin umarni, ka rubuta getskseversion. Idan ya nuna lamba, komai ya zauna. Idan bai gane umarnin ba, kada ka ci gaba zuwa mataki na gaba sai ka gyara wannan.

Bayan SKSE sai Address Library for SKSE Plugins, wanda ke ba mod masu DLL damar aiki a sigogi da yawa ba tare da an sake rubuta su kowane lokaci ba. Sai Unofficial Skyrim Special Edition Patch, wanda ake kira USSEP, mai gyara ɗimbin kurakuran da suka rage a wasan, kuma mod da yawa ba sa tashi sai da shi. Sai SSE Engine Fixes, wanda ya kamata ka karanta umarninsa da kyau domin wani sashe nasa da hannu ake zuba shi a foldar wasan. Sai SkyUI, wanda ke gyara jakar kaya ta dace da linzami da allon rubutu, ya kuma kawo shafin MCM inda ake saita sauran mod daga cikin wasa. Idan allonka yana nuna fiye da hoto 60 a daƙiƙa, ka ƙara SSE Display Tweaks, domin injin wasan yana rikicewa a saman wannan adadi, har kwanuka su riƙa tashi sama a cikin ɗaki, keken dokin da ke kai fursunoni Helgen a farkon wasa ma ya riƙa wuntsilawa. A ƙarshe ka saka Crash Logger, wanda zai rubuta maka rahoto duk lokacin da wasan ya rufe kansa.

Yadda ake girka mod ɗaya

Kafin ka sauke kowane mod, ka karanta bayaninsa har ƙarshe, ka buɗe sashen Requirements ka ga abin da yake buƙata, sannan ka leƙa Posts da Bugs ka ga koke-koken baya-bayan nan. Minti biyar ɗin da wannan zai ci ya fi sauƙi a kan yini guda na neman abin da ya lalata wasa. A sashen Files ka zaɓi fayil ɗin da ya dace da sigarka, ka danna Mod Manager Download. Idan ya sauka, ka danna shi sau biyu a sashen Downloads na MO2. Wasu mod za su buɗe maka shafukan zaɓi, inda za su tambaye ka ko kana da wani mod ɗin daban don su haɗa maka facin da ya dace, wato ƙaramin fayil da ke sa mod biyu su jitu; ka amsa bisa abin da ka riga ka girka ko ka tabbatar za ka girka, domin facin da babu mod ɗin da aka yi shi dominsa yana hana wasan tashi. Daga nan ka sa masa alama a ɓangaren hagu.

Game da mod masu gyara hoto, ka auna ƙarfin katin hotonka kafin sha'awa ta ɗebe ka. Zane mai girman 4K yana cin ma'ajiyar katin ninki huɗu na 2K, kuma a kan ƙananan abubuwa kamar cokali ko kwalba ido ba ya ganin bambanci. Ga mai allon 1080p, 2K ya wadatar a kusan ko'ina, 1K ma ya isa ga ƙananan kaya. Wannan zaɓi yana rage kuɗin data sosai. ENB da Community Shaders, waɗanda ke canza haske da inuwa, ka bar su zuwa ƙarshe, kuma ɗaya ake zaɓa daga cikinsu.

Jeri biyu, kuma kowanne da aikinsa

Wannan shi ne sashen da ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin wanda ya gane shi zai iya warware mafi yawan matsalolinsa da kansa.

Ɓangaren hagu na MO2 yana jera mod ne a matsayin tarin fayiloli: zane, siffa, sauti, rubutun umarni. Idan mod biyu suna ɗauke da fayil mai suna ɗaya a wuri ɗaya, misali dukansu sun canza zanen katangar garin Whiterun, wanda yake ƙasa a jerin shi ne wasan zai gani. Kamar fenti ne a bango, wanda aka shafa daga ƙarshe shi ke fitowa. MO2 yana nuna alamar walƙiya a gefen mod mai irin wannan cin karo, da alamar ƙari idan shi ke dannewa, da alamar ragi idan shi ake dannewa. Ka danna mod ɗin sau biyu ka shiga Conflicts, za ka ga sunayen fayilolin ɗaya bayan ɗaya. Cin karo a nan ba laifi ba ne, sau da yawa ma da gangan ake yin sa: ana sa babban kunshin da ya gyara komai a sama, kamar Static Mesh Improvement Mod ko wani kunshin zanen ƙasa baki ɗaya, sannan a sa ƙananan da suka ƙware a abu guda a ƙasansa. Akwai ƙa'ida ɗaya da ya kamata a riƙe: fayilolin da aka ƙunshe a cikin BSA, wato fayil guda da ke tattare fayiloli da yawa, kullum sakakkun fayiloli suna danne su, ko da wane matsayi suke a jerin.

Ɓangaren dama, a sashen Plugins, yana jera fulogin, wato fayiloli masu ƙarewa da esm, esp ko esl. Waɗannan su ne ke ɗauke da bayanan duniyar wasan: ƙarfin makami, fuskar mutum, abin da ɗan kasuwa ke sayarwa, inda aka ajiye kujera. Na asali guda biyar ne kuma su ke zama a sama: Skyrim.esm, Update.esm, Dawnguard.esm, HearthFires.esm da Dragonborn.esm. A nan ma na ƙasa ne ke nasara, amma da wani sharaɗi mai nauyi: idan fulogin biyu suka taɓa bayani ɗaya, na ƙarshe yana ɗauke bayanin gaba ɗayansa, ba sashen da ya canza kaɗai ba. A ce mod ɗaya ya gyara fuskar Lydia, ɗaya daga cikin abokan tafiya a wasan, wani kuma ya ƙara mata ƙarfin faɗa. Dukansu bayanin Lydia suka taɓa, saboda haka ɗaya ne kawai zai yi aiki. Idan mai ƙarfin faɗa ne a ƙasa, bayanin fuska zai koma na asali alhali fayilolin fuskar sababbi ne, sai ka ga fuskarta ta yi duhu ta bambanta da launin jikinta. Maganin irin wannan shi ne faci, wato ƙaramin fulogin na uku da ke haɗa canje-canjen biyu a sa shi a ƙasan dukansu.

Don jera fulogin ana amfani da LOOT. Ka girka shi ka kunna shi ta cikin MO2, domin duk kayan aikin da aka kunna a wajen MO2 ba zai ga mod ɗinka ba. Ka danna maɓallin jerawa, ka amince da sakamakon, sannan ka karanta saƙonnin da ya rubuta a ƙarƙashin kowane fulogin, domin a nan yake faɗa maka facin da ka rasa da mod ɗin da ba sa jituwa. LOOT yana aiki ne da bayanan da jama'a suka tattara, don haka idan marubucin mod ya ce a sa nasa a wani wuri na musamman, maganarsa ce gaba.

Abin da LOOT ba zai iya ba, SSEEdit ne ke yin sa. Yana buɗe dukkan fulogin ya nuna bayani ɗaya a ginshiƙai, kowane mod da nasa ginshiƙin, na dama shi ne mai nasara, launuka kuma suna nuna inda aka saɓa. A nan za ka iya kwafe bayanin zuwa sabon fayil ka jawo canjin da kake so daga kowane ginshiƙi, ka haɗa facinka da hannunka. Ba sai ka ƙware a kansa a makon farko ba, amma ka saba buɗe shi kana kallo. Da shi kuma ake tsabtace fulogin ta hanyar Quick Auto Clean, kuma wanda LOOT ya ce a tsabtace kaɗai za ka taɓa. Skyrim.esm ba a tsabtace shi.

Wasan yana ɗaukar cikakkun fulogin 254 ne kawai. Ƙananan fulogin masu alamar ESL ba sa cikin wannan lissafi, suna da nasu gurbin da ke ɗaukar har 4096, shi ya sa yawancin faci ake yin su da wannan alama. Idan kuma ka ga jan alwatika a gefen wani fulogin, yana nufin akwai wani fayil da ya dogara da shi wanda babu shi ko ba a kunna shi ba, kuma wasan zai rufe kansa tun kafin ya kai shafin farko.

A can ƙasan ɓangaren hagu akwai Overwrite, inda duk fayil ɗin da wani kayan aiki ya samar yake faɗawa. Kada ka bari ya cika. Bayan ka kunna Nemesis ko Pandora, waɗanda mod masu canza motsin jiki ke buƙata, ka danna Overwrite da maɓallin dama ka mayar da abin da ke ciki sabon mod mai suna bayyananne. Duk lokacin da ka ƙara ko ka cire mod na motsi sai ka sake kunna kayan aikin, in ba haka ba za ka tarar da mutane a tsaye ƙiƙam da hannuwa a miƙe. DynDOLOD, mai gyara yadda abubuwan nesa ke bayyana, shi ne na ƙarshe da ake kunnawa bayan jerin ya kammala.

Gwaji

Ka riƙa girka mod biyar zuwa goma masu alaƙa da juna, sannan ka gwada. Ba sai ka sake kallon tafiyar Helgen kowane lokaci ba: daga shafin farko ka buɗe akwatin umarni ka rubuta coc riverwood, za ka tsinci kanka a ƙauyen. Ka taka da ƙafa zuwa Whiterun, ka shiga kasuwa, ka shiga gida ka fito, ka buɗe jakar kaya, ka yi faɗa. Ka leƙa dajin da ke kewaye da garin Riften, domin yawan bishiyoyinsa yana nuna ko kwamfutarka za ta iya ɗaukar nauyin da ka ɗora mata. Abu mai launin shunayya yana nufin zanensa ya ɓace, babbar alamar motsin rai mai ja kuma tana nufin siffarsa ce babu. Mod irin Alternate Start - Live Another Life yana sauƙaƙa fara sabon wasa don gwaji na tsawon lokaci. Duk ajiyar da ka yi a lokacin gwaji ta gwaji ce, ka goge ta idan ka gama.

Ajiyar wasa

Skyrim yana rubuta yanayin umarnin mod a cikin fayil ɗin ajiya. Idan ka cire mod mai irin wannan umarni bayan ka yi ajiya da shi, ragowarsa tana nan a ciki tana neman abin da babu, kuma illar ba lallai ta bayyana nan take ba, tana iya fitowa bayan sa'o'i talatin a matsayin tsaiko, aikin da ya ƙi kammaluwa, ko ajiyar da ta ƙi buɗewa. Saboda haka ka kammala jerinka kafin ka fara wasan gaske. Mod na zane da sauti zalla, marasa fulogin, za ka iya saka su ko cire su a kowane lokaci. Ƙara ƙaramin mod a tsakiyar wasa yawanci ba ya cutarwa, amma manya masu canza duniya, irin Legacy of the Dragonborn, sabon wasa suke buƙata. Akwai ReSaver, cikin kunshin FallrimTools, wanda ke share ragowar umarni daga ajiya. Yana ceto wani lokaci, amma ban ɗauke shi lasisin cire mod yadda aka ga dama ba.

Ka riƙa yin sabuwar ajiya maimakon rubutawa a kan tsohuwa, ka bar aƙalla goma na baya. Inda wutar lantarki ke ɗaukewa ba sanarwa wannan ya fi zama dole, domin ajiyar da wuta ta katse ana cikin rubuta ta ba ta gyaruwa.

Idan wasan ya fara rufe kansa

Ka lura da lokacin da abin ke faruwa. Idan kafin shafin farko ne, ka duba jan alwatika da kuma DLL ɗin da bai dace da sigarka ba. Idan a wuri ɗaya ne kullum, to mod ɗin da ya taɓa wurin ko wata lalatacciyar siffa ce. Rahoton Crash Logger yana cikin foldar SKSE da ke Documents, My Games, Skyrim Special Edition. Ka buɗe shi ka nemi sunan fulogin ko fayil da ya yi ta maimaituwa a sama-sama. Idan rahoton bai nuna komai ba, ka kwafi furofayil ɗinka, a cikin kwafin ka kashe rabin mod ɗin da ka ƙara kwanan nan, ka gwada da sabon wasa. Idan matsalar ta tafi, tana cikin rabin da ka kashe. Ka sake raba shi biyu, haka har ka kai ga guda ɗaya. Mod 64 gwaji shida kawai suke buƙata ta wannan hanya.

Sabuntawa da adanawa

Idan kana tsakiyar wasa kuma komai yana tafiya daidai, kada ka sabunta mod don kawai sabon fitowa ya zo. Ka karanta abin da aka canza, ka ga ko marubucin ya ce za a iya ɗora shi a kan tsohuwar ajiya. Idan kuma Bethesda ta sabunta wasan kansa, ka ci gaba da shiga ta MO2 ka jira har SKSE, Address Library da duk mod ɗinka masu DLL, irin RaceMenu, su fitar da nasu. Wanda sabuntawar ta riga ta shige masa yana iya neman facin mayar da wasa tsohuwar siga a Nexus, amma ya fi sauƙi tun yau ka kwafe foldar wasan gaba ɗaya ka ajiye a gefe.

A saman kowane ɓangare na MO2 akwai maɓallin adana jeri. Ka danna su kafin kowane babban canji. Ka yi amfani da Separator ka raba ɓangaren hagu gida-gida, gyaran kurakurai, zane, makamai, garuruwa, faci, ka kuma rubuta a sashen Notes na kowane mod zaɓin da ka yi lokacin girka shi. Foldar downloads kada ka goge ta, domin marubuta sukan janye mod ɗinsu ko su cire tsofaffin sigogi daga shafi, kuma sake sauke gigabait masu yawa kuɗi ne. Ka kwafe ta tare da foldar profiles zuwa faifan waje.

Wanda yake ganin duk wannan ya yi masa yawa yana iya ɗaukar jerin da wasu suka riga suka haɗa suka gwada, ta Wabbajack ko Collections na Nexus. Kafin ya fara ya karanta sharuɗɗan jerin, domin da yawa suna buƙatar kunshin Anniversary na kuɗi, wasu sun haura gigabait 100, kuma ba tare da asusun Premium na Nexus ba sai ya danna saukewar kowane fayil da hannunsa.